Ajiyar Malamin Lakwal

Duwatsu huɗu ne suka rage a kusurwar sitonmu, kowanne da shatin nauyin da ya ɗauka. Tun da aka fitar da akwatin nake shiga kullum da hantsi in tsaya a kansu kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. 'Ya'yana suna so a share wurin a jibge buhunan albasa, na ce su bar mini shi tukuna. Sun ɗauka rikicin tsufa ne, ni kuma na gaji da bayani da baki, shi ya sa na nemi alƙalami. Hannuna yana rawa, rubutun yana hawa yana sauka, amma haka nan zan lallaɓa in kai ƙarshe.

Mahaifina fatoma ne a nan Illela, wato mai saukar da fatake. A zamanin da na buɗe ido, duk wanda ya taso daga Ƙonni ko daga can cikin Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran ƙasar Nijar, ba ya tambayar masauki sau biyu, gidanmu ake nuna masa. Da kukan jakuna muke tashi, da gurnanin raƙuma idan ana durƙusar da su a ƙofar gida, da ƙarar guga a rijiya, da muryoyin baƙi suna gaisawa da Hausa iri-iri, wani ya haɗa da Fulatanci, wani da Faransanci. Aikina shi ne share zaure, ɗebo wa dabbobin baƙi ruwa, da kai akussan tuwo, kuma idan na yi nawa Inna ta biyo ni da muciya har bakin ƙofa. Yanzu babu mai sauka gidan kowa. Manyan motoci ke wucewa da kaya a lulluɓe, mai kayan yana zaune a wani gari yana magana a waya, bai taɓa ganin fuskar wanda ya riƙe masa su ba. Ƙarar babura ta cinye kukan jakuna. Zauren da yake ɗaukar baƙo ashirin, yau jikokina ne ke kwance a ciki, kowa ya ƙura wa tafin hannunsa ido, ka yi sallama sau uku kafin ɗaya ya ɗago.

Abin da ya ɗaga gidanmu a kan sauran shi ne ajiya. Baƙo zai bar kayansa a sitonmu ya tafi, wata ɗaya ko shekara uku, ya dawo ya tarar da igiyarsa da ƙullin da ya yi mata. Na tuna wani Buzu da ya bar buhun dabino, yana nan har ƙwari suka mayar da shi gari, mu yara muna wucewa muna haɗiyar yawu, Baba bai yarda an ɗauki ƙwara ɗaya ba. Maganarsa kullum ɗaya ce: “Abin da anka ba ka ajiya, ko ƙurar da ke bisa nai ba taka ba ta.” Ranar da mai kaya ya dawo kuwa akwai yadda ake yi. A kira maƙwabta biyu ko uku su tsaya shaida, Baba ya ɗora hannunsa na dama a kan kayan ya ce, “Ga ajiyarka yadda kab bar ta.” Mai kaya ya duba ya ce ya karɓa, a shafa fatiha. Ban taɓa ganin wanda ya ce wa Baba a'a ba. Bai tara shanu ba, bai gina bene ba, wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma da shi yake tafiya kai a sama a cikin kasuwa.

Ina saurayi, gemu bai tsiro ba, wata motar kaya ta sauke mana wani dogon mutum siriri mai tabarau, tare da akwatin katako da sai da ƙarti takwas suka ɗauka suna nishi. Malamin makarantar boko ne daga tsallaken iyaka, abin da su ke kira lakwal, don haka unguwa duka ta sa masa Malamin Lakwal, sunansa na yanka ya ɓace. Daga kudu ya sayo abin zai kai wa ɗalibansa, sai takardun ƙetarewa ba su cika ba, ya sauka wurinmu yana jira. Da aka ɓalle katakon gaba a cikin sito muka ga wani abu baƙi mai sheƙi, ya ɗaga murfinsa sai ga haƙora a jere, farare da baƙaƙe. Ya ce sunansa fiyano. Ya ɗora hannu biyu ya danna, ni kuwa tsintsiyar da ke hannuna ta faɗi. Na san kalangu, na san goge da kuntigi da sarewar Fulani, amma ban taɓa jin abu ɗaya ya yi magana da baki da yawa a lokaci guda ba, bakunan kuma ba sa faɗa da juna.

Gidanmu ba gidan makaɗa ba ne, kuma a lokacin ɗan fatoma ya taɓa abin kiɗa abin kunya ne, sai a ce ya koma roƙo. Sai dai Baba ba ya hana baƙo abin da yake so da kayansa. Malam ya nemi in riƙa goge masa ƙura, da ya lura ƙurar ba ta ƙarewa a hannuna, daga la'asar har kusan magariba ina goge wuri ɗaya, sai ya yi dariya ya ce, “Samari, zaka nan. Jawo turmin ga ka zamna. Miƙo hannunka na dama.” Na kifa tsohon turmi na zauna. Ya kama babban yatsana ya ɗora a kan wani farin haƙori da ya kira La, ya ce in tsallake ɗaya in sa na tsakiya, in sake tsallake ɗaya in sa ƙaramin. “Danna su gaba ɗaya, kak ka bari wani shi riga wani.” Na danna. Na tsakiya ya riga, babban ya biyo, ƙaramin kuwa ya miƙe sama ya ƙi sauka kamar ba a jikina yake ba. Yatsun da suka saba da igiyar guga da ƙotar gatari ba su san lallashi ba. Ya ce in lanƙwasa su kamar na kifa hannu a kan goriba, in saki kafaɗa, in daina riƙe numfashi don ba dambe muke yi ba. Kwana uku ina fama, gumi yana ɗiga daga haɓata, shi yana tsaye yana girgiza kai yana cewa in sake.

A rana ta huɗu ukun suka sauka tare. Abin da ya fito irin wanda kake ji ne a ƙirji idan ayarin da ya daɗe a gidanku ya ɗaura kaya ya fita, zaure ya yi shiru. Ya ce wannan haɗin sunansa La minar. Daga nan ya ɗaga yatsana na tsakiya ya mayar da shi kan baƙin haƙorin da ke gaba, ya ce in danna, sai sautin ya washe kamar an buɗe taga. Ya dawo da yatsan kan farin, sautin ya sake dusashewa. “Ka ji?” in ji shi. “Yatsa guda na tsakanin murna da kewa. Minar su na masu kewa.” Na ce to don me ya fara ni da na kewa? Ya ce don waɗanda zai koya mini ba sa neman baƙin haƙori, sun fi sauƙi ga mai koyo. Ya goge tabarau da bakin riga, sannan ya ce kuma su ne a ransa yanzu, don ya baro matarsa da tsohon ciki a gida.

Haɗi na biyu ya kira shi Re minar. Siffar hannun ba ta canja ba, sai dai ka matsa dama da haƙori uku. Da baki abin wasa ne, amma tashi daga na farko ka sauka a kan na biyu ba tare da ka leƙa kana laluɓe ba, shi ya ci mini sati biyu. Ina yi Malam yana tafa hannu a hankali yana ƙirga mini, huɗu a nan, huɗu a can, in na yi tuntuɓe ya ce kada in tsaya, in ci gaba. Inna takan ɗaga murya daga cikin gida ta ce, “Wai wa yam mutu cikin siton ga? Kullum la'asar sai kuka!” Amma na lura taɓaryarta tana rage sauri idan na fara. Baba kuwa sai dai ya wuce ta ƙofar sito ya yi gyaran murya, bai taɓa leƙowa ba. Malam ya ce mini saura ɗaya. “Su ukku na, awa duwatsun murhu. In ka samu na ukkun, waƙa ta zamna.” Ranar da ya ce zai nuna mini shi, ranar wani ɗan aike ya iso daga tsallake da labarin matarsa tana naƙuda kuma abin ya zo da wuya. Ko abinci bai tsaya ci ba. Ya damƙa wa Baba akwatin ajiya, ya ce sati biyu zai dawo da takardu, ya dafa kaina a ƙofar gida ya ce, “Na ukkun sai na komo.” Ko sunan haɗin bai gaya mini ba.

Baba da kansa ya mayar da katakon gaba ya buga ƙusoshi. Ya sa aka ɗora akwatin a kan duwatsu huɗu, aka zagaye su da toka saboda gara, ya miƙo mini mabuɗin sito ya ce duk sati in share in sake toka. Ya maimaita mini maganar ƙura, na ce to. Sati biyu suka wuce, wata ya wuce, wani ya bi shi. Ni kuwa yatsuna uku ba su san an rufe akwati ba. A cinyata nake dannawa, a bakin rijiya, a gefen akushi, har a sahun salla na taɓa kama kaina ina yi a kan gwiwa. Wata ranar kasuwa, gida ya watse, kukan shanu da hayaniyar mutane sun cika gari, na shiga da tsintsiya na fito da ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya da bakin tsohuwar wuƙa. Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Daga nan duk ranar kasuwa ina kan turmi, daga La minar zuwa Re minar, daga Re minar zuwa La minar, a hankali kamar mai raɗa. Na yi ta laluben na ukun, na samu haɗi iri-iri, amma babu wanda zai ce mini ga shi nan.

Sai damina ta sauka. Katako ya sha sanyi ya kumbura, wata rana na danna haƙoran suka nutse suka ƙi tasowa sai na ɗago su da farce. Na ce shi ke nan na lalata kayan baƙo. Yau na san da na bar shi, rani yana zuwa zai saki da kansa. A lokacin kuwa ilimin da muke da shi ɗaya ne: duk abin da ya cije, mai yake so. Ƙyaure ya yi ƙara a sa masa mai, keken ɗinki ya yi tauri a sa masa mai, ƙafa ta yi faso a shafa mata mai. Na saci man shanu a ƙwaryar Inna, wanda wata Bafulatana daga wajen Kalmalo take kawo mata, na samu gashin kaza, na buɗe murfin sama na fiyanon. A ciki na ga 'yan guduma a jere, kowace da hular ulu a kanta, kowace tana dukan wayarta. Na danna haƙorana shida, uku na haɗin farko, uku na na biyu, na ga gudumomin da ke motsi, na bi su ɗaya-ɗaya na shafe gaɓoɓinsu da hulunansu. Na ƙara, don kada a ce na yi rowa. Ranar sun ɗan saki, har na yi wa Allah godiya.

Sati na gaba wani wari ya tarbe ni. Satin da ya biyo baya na zauna na ɗora yatsu na danna, babu abin da ya fito sai ƙwas, katako a kan katako. Na buɗe sama. Ɓeraye sun shiga ta wata kafa a baya, sun bi man nan sun cinye ulun har katako, sun gwigwiye gaɓoɓin, gudumomi biyu ma sun karye sun kwanta. Shida cif, waɗanda na shafa. Sauran da ba su ga mai ba ko shinshina su ba su yi ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka da hannu a baki don kada a ji. Daga nan na tashi na goge man tas, na kwashe kashin ɓera, na toshe kafar da murfin gwangwani, na roƙo kyanwa a maƙwabta na ce ɓeraye sun dame mu, na mayar da kowace ƙusa cikin ramin da ta fito. Ban taɓa yin aiki mai kyau a rayuwata kamar ɓoye wannan ɓarna ba.

Daga ranar ban sake jin ƙarar mota daga hanyar Ƙonni hankalina a kwance ba. Rabin zuciyata yana roƙon Allah Ya kawo Malam da haɗi na uku, rabi yana roƙon kada Ya kawo shi. Bai zo ba. Baba ya yi aike sau da yawa, aka ce an mayar da Malam wata makaranta can arewa mai nisa, daga nan labari ya yanke. Shekaru suka yi ta tafiya, akwatin nan ya zama abin nuni. Duk baƙon da ya yi shakkar barin kayansa sai Baba ya kama hannunsa ya kai shi sito ya ce, “Diba wanga. Mai shi ya tahi tun yaron ga bai yi gemu ba, ko ƙusa guda ba a taɓa ba.” Ni ina tsaye a bayansu da mabuɗi a hannu ina murmushi kamar mutumin kirki. Na yi niyyar faɗa masa ranar wata Salla, na yi niyya ranar da aka ɗaura mini aure, na yi niyya ranar sunan ɗana na fari. Ba duka nake tsoro ba, na wuce duka. Tsorona shi ne in ga mutumin nan ya shiga kasuwa kai a ƙasa. Na taɓa tunanin nemo mai gyara daga birni, sai na tuna kawo shi yana nufin a buɗe akwatin a gaban mutane.

Ranar da Baba zai rasu, da hantsi ne, ya sa kowa ya fita daga ɗakin sai ni. Ya rame har ana ganin bugun jijiyar wuyansa. Ya kama hannuna na dama, wannan hannun dai, ya yi mini wasiyya a kan Inna da ƙannena, sannan ya ja numfashi ya ce, “Ajiyar Malamin Lakwal, tana nan yadda take?” Ƙofa a buɗe take, babu kowa, babu sauran abin da zan kare masa, kasuwa ta riga ta ƙare masa. Na buɗe baki na ce, “Tana nan, Baba.” Ya lumshe ido ya ce, “Alhamdu lillahi. To ban tahi da nauyin kowa ba.” Kafin azahar ya cika. Na yi wa mai mutuwa ƙarya yana riƙe da hannuna, kuma na yi ta ne cikin sauƙi, muryata ko rawa ba ta yi ba. Na gaji zaure, na gaji sito, na riƙe sana'ar har ta mutu a hannuna, kuma ban taɓa fashin sati ɗaya ban sake toka ba.

Kwanakin baya aka kira ni a waya. Muryar mace ce, da Hausar mutanen tsallake. Ta ce mahaifinta ya rasu, a cikin takardunsa ta ga wata 'yar wasiƙa da bai aika ba, da kwatancen gidan wani fatoma a Illela, ta yi ta tambaya har aka haɗa ta da ni. Ita ce cikin da Malam ya baro. Ta ce uwarta ba ta tashi daga wannan haihuwar ba, shi kuma aka yi ta jefa shi daga wannan makaranta zuwa waccan da jaririya a hannu, da shekaru suka yi yawa kunya ta hana shi waiwaye, yakan ce babu mai riƙe katako tsawon wannan lokaci. Ba nema take ba, so take kawai ta san abin da ya faru da akwatin. Da na ce gara ta cinye, da magana ta ƙare a nan. Bakina ya ce, “Yana nan.” Na ji ta fashe da kuka, ta ce tana tafe.

Satin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. 'Ya'yana kuwa murna kamar an yi musu albishir da Makka. Suka baza labari, suka gayyato liman da dattawan unguwa, suka ce za a ɗauka a waya a watsa, duniya ta ga amanar gidan kakansu. Ina jin su ina ƙulla yadda zan fita. Ɓeraye ne suka ci, wannan gaskiya ne. Bayan shekarun nan duka wa zai zargi mutum don ɓera ya shiga akwati? Na yanke shawara zan ɗora hannu in faɗi maganar Baba, in ta ga ɓarna a ce ikon Allah. Na maimaita shawarar nan har ta zauna, amma duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi kabbara sai ta warware.

Ta iso da hantsi, doguwa siririya mai tabarau, furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin mayafi, ita ma malamar makaranta. Samari suka fito da akwatin tsakar gida, aka cire ƙusoshi, mutane suka yi da'ira, wayoyi a sama. Ta shafa baƙin katakon, sannan ta ɗaga murfi ta fara danna fararen haƙora ɗaya bayan ɗaya daga hagu. Muryoyinsu sun dushe sun karkace, amma suna amsawa. Ta iso tsakiya. Ƙwas. Na gaba ya amsa. Sai huɗu a jere, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ɗaya ya amsa. Sai wani ƙwas. Daga nan har ƙarshe babu wanda ya yi shiru. Babban ɗana ya yi sauri ya ce, “Ɓeraye na, Hajiya, shekarun da yawa.” Ta ɗora babban yatsa a kan mataccen farko, ta tsallake ɗaya, ta sa na tsakiya, ta tsallake ɗaya, ta sa ƙaramin, ta danna, shiru. Ta matsa dama da haƙori uku ta danna, shiru. Ta dube ni ta saman tabarau irin duban ubanta, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, “Alhaji, ɓera bai san tsallake haƙori ba.” Sannan ta rufe murfin a hankali ta ja da baya ta tsaya. Ta bar mini hanya a buɗe, in na so in bi.

Liman ya ce, “Bismilla, Alhaji, aza hannu.” Na ɗora hannuna na dama a kan katakon. Maganar tana bakina, na ji ta daga bakin Baba fiye da sau ɗari, na faɗe ta da kaina ga mutane da yawa. Na buɗe baki ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, “Ba yadda yab bar ta ba ta. Ni nib buɗe ta ina yaro. Ni nis sa mata man shanu ɓeraye sunka ci. Mahaifina bai sani ba har yak koma ga Allah, kak ku sa sunanai ciki.” Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗana ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ita ce ta fara magana. Ta ce, “Na karɓa, kuma na yahe. Shi ma da yana da rai da ya yahe, don har yat tsuhwa yana hwaɗin ya baro wani yaro Illela da murhu mai dutsi biyu.” Ta sa aka kawo kujera ta zaunar da ni, ta buɗe murfin, ta kama hannuna ta ɗora a kan Re minar, sannan ta matsar da shi dama da haƙori ɗaya. Ɗaya tak. Tsawon rayuwata yana nan maƙwabcin inda na tsaya. Ta ce in danna gaba ɗaya. Yatsun nan masu rawa suka sauka tare, tun karon farko. Na tsakiya ya amsa, ƙaramin ya amsa, babban yatsa kuwa ya faɗa a kan ɗaya daga cikin shidan da na kashe. Sautin ya fito rabi, ba na kewa ba, ba na murna ba. Ta faɗi sunan haɗin, ban riƙe ba, kunnena yana kan wancan ƙwas ɗin.

Kafin azahar an ɗora akwatin a mota ya ƙetare iyakar da ya yi shekaru yana jira. Liman ya ce na yi abin da ya dace, dattawa suka ce yarinta ce, har ɗana ya zo daga baya ya ce in daina sa abin a rai. Duk na ji. Amma ita katako ta yafe, kuma mai katako ba shi ne ya kama hannuna ya tambaye ni ba. Bayan la'asar na ɗauki sanda na tafi maƙabarta. Na daɗe rabona da ɓangaren tsofaffi. Aduwar da muke gane kabarin Baba da ita an sare ta, ruwan damina ya baje tuddan, sababbin kaburbura sun shigo cikin tsofaffi. Na yi gabas na yi yamma, na tambayi mai gadi, yaro ne, bai san kowa ba. Na tsaya a inda nake zato na yi sallama, sannan na ɗaga murya na ce, “Baba, ka tambaye ni nic ce tana nan. Ba ta nan yadda take.” Babu abin da na ji sai babura a hanyar Ƙonni.

Tun ranar kullum bayan la'asar nake komawa. Ina matsawa taki kaɗan daga inda na tsaya jiya in sake faɗa, ko Allah zai sa wata rana in dace ina tsaye a kansa.